Ciwon Maƙogwaron Yara da Illar da Yake Bari a Zuciya

Daga cikin cututtukan da iyaye suka fi rainawa, saboda yawan zuwansa da saurin wucewarsa, babu kamar ciwon maƙogwaro. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da tabbatarwa, bisa hujjoji na bincike, cewa wani nau'i daga cikinsa, wanda ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas ke haddasawa, shi ne musabbabin lalacewar zuciyar mutane kimanin miliyan 40 a duniya, kuma yana halaka wajen 300,000 a kowace shekara, galibinsu talakawan Afirka da Asiya.

Ga yadda al'amarin yake. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 yakan kwanta da zazzaɓi, haɗiya ta gagare shi, kaluluwa ta fito masa a wuya, sa'an nan bayan 'yan kwanaki ya miƙe ya koma makaranta, kowa ya yi hamdala. To, amma a jikin wasu yaran, garkuwar da Allah Ya halitta domin yaƙar ƙwayar sai ta rikice, ta kasa bambance abokin gaba da ɗan gida, har bayan mako biyu ko uku ta auka wa gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa da zuciya. A nan ne wani zazzaɓi na biyu kan taso, a ga kumburi mai zafi yana tashi daga gwiwa zuwa idon sawu, daga nan zuwa gwiwar hannu, sai a ce amosani ne. Wani yaron kuma hannuwansa su riƙa fizga ba da nufinsa ba, rubutunsa ya ɓaci, sai a ce iska ce. Gaɓoɓin sukan warke sarai. Zuciya ce ba ta mantuwa, domin a cikinta akwai 'yan marufai masu aiki irin na ƙyauren ɗaki, suna buɗe wa jini ya wuce su kuma hana shi komowa, kuma duk lokacin da zazzaɓin nan na biyu ya maimaitu sai tabo ya ƙaru a kansu, har su sanƙare ko su riƙa yoyo. Sau da yawa ba a farga sai yarinya ta yi aure ta sami juna biyu, numfashi ya soma yi mata wuya, ƙafafu su kumbura.

Maganin ba sabo ba ne. Tun a 1950 likitoci a wani sansanin mayaƙan sama da ke jihar Wayomin ta Amurka suka nuna cewa allurar fenisilin ga mai irin wannan ciwon maƙogwaro tana hana zazzaɓin nan na biyu biyo baya, kuma an gane cewa ko an fara ta cikin kwana 9 da soma ciwon tana amfani. A 2007 aka buga sakamakon wani bincike na Mozambik da Kambodiya, inda na'urar hoton zuciya ta gano yara masu tabo kimanin ninki goma na waɗanda likita ya gano da abin saurarensa. Daga nan tambaya mai nauyi ta taso: shin yaron da ke guje-gujensa lafiya lau, tabonsa bai fito fili ba, akwai fa'ida a ɗora masa wahalar allurar fenisilin duk wata don kada tabon ya ƙaru?

An nemi amsar a Gulu, arewacin Yuganda, inda aka duba zukatan yara fiye da 100,000, aka raba masu ƙaramin tabo gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowane gida kimanin yara 400, bayan an yi wa iyaye bayani sun yarda. Gida ɗaya aka riƙa yi musu allura duk mako huɗu har shekara biyu, ɗayan kuwa aka ci gaba da lura da su. Da aka bayyana sakamako a 2021, sai ga shi yara 3 kaɗai cutar ta ci gaba a jikinsu a cikin masu allura, 33 kuwa a ɗaya gidan. A ganina irin wannan tazara ta isa hujja ga duk mai hankali.

Ba laifi ba ne mutanenmu su yi ɗari-ɗari da kalmar gwajin magani, tun da har yau Kanawa ba su manta da abin da ya auku a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, aka yi shekaru ana shari'a a kan batun iznin iyaye. Haƙƙin uba ne da uwa a karanta musu bayani da harshensu, su yi tambaya, su ƙi in sun so, kuma ƙin nan ba ya hana a duba ɗansu.

Abin da ya wajaba a kan mai gida kaɗan ne. Ciwon maƙogwaro mai tafe da tari da majina galibi mura ce, takan wuce da kanta. Amma wanda ya zo da zazzaɓi mai zafi da kaluluwa da fari-fari a cikin maƙogwaro, ba tare da tari ba, asibiti ya dace da shi, ba wanzami ba, domin yanke beli ba ya kashe ƙwayar, sai dai ya jawo zubar jini da wata cutar. Haka nan sayen kafso huɗu a kemis, a daina da zarar yaro ya sami sauƙi, ba magani ba ne: ko dai allura ɗaya, ko shan ƙwayar magani kwana 10 cif. Wanda kuwa likita ya riga ya tabbatar zazzaɓin nan na biyu ya taɓa shi, allurarsa ta wata-wata takan ɗauki shekaru, wani har ya kai shekara 21, mai tabo babba ma fiye da haka. Kuma a asibiti ake yin ta, inda za a lura da shi bayan an yi, saboda akwai ƙalilan da jikinsu ba ya karɓar fenisilin, waɗanda likita zai sauya musu wani maganin.