Sabuwar Kwamfuta Mai Nawar Tashi: Ina Laifin Yake?

A cikin ƴan shekarun nan na'urar kwamfuta, wadda ma'aikatanmu suka fi sani da sunan ordinater, ta samu wurin zama a birorin gundumomin Madawa da Buza da Kaita. Da ita ake buga takardun hukuma, da ita ake tattara sakamakon jarrabawar ƴan lakwal, kuma da ita wasu ƙungiyoyin manoman albasa na kwarin Tarka suke riƙe lissafin kuɗinsu. To, da yake wadda ta zo a haɗe daga kamfani tana da tsada, mutane da yawa sukan sayo kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya daga Kano ko Maraɗi ko Yamai, su ba mai gyara ya haɗa musu. Kuɗi ya ragu, amma sau da yawa sai kuka ya biyo baya: an kunna ta daɗe ba ta tashi ba, ko kuwa ta tashi, ana tsakiyar aiki ta daskare, ko ta mutu ta sake kunna kanta.

Abin ba na wasa ba ne. Mutumin da ya baro ƙauyensu tun da asuba domin takarda guda, aka ce masa na'ura ta ƙi, ya yi asarar yini da kuɗin mota. Shugaban biro kuwa, in ransa ya ɓaci, yakan sa a ɗauki na'urar zuwa Tawa, ko ya ce a sake sayen wani abu mai tsada, alhali ba a gano inda ciwon yake ba.

Ya kamata a fara rarrabe nawa iri biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai nawar da ke faruwa tun allon kallo yana baƙi, kafin alamar Windows ta fito, akwai kuma wadda ke zuwa bayan fitowarta. A lokaci na farko na'urar tana duba jikinta ne. Wani ɗan tsari mai suna BIOS, wanda ke zaune a kan uwar allo, wato babban faifan da ake dasa dukan kayan a kansa, shi ne yake bin su ɗaya ɗaya ya tabbatar suna nan kuma suna amsawa. Idan an yi amfani da sabon samfurin ma'ajiyar aiki da ake kira DDR5, tashin farko yakan ɗauki minti biyu ko fiye, domin uwar allo tana gwada saurin da za su iya tafiya tare. Wannan ba lalacewa ba ce. Wanda ya ƙosa ya zare waya a wannan hali ya mayar da gwajin farko ke nan. Amma in kullum haka take yi, sai a shiga BIOS a duba jerin wuraren da take neman tsarin tashi, domin wata tana ɓata lokaci ne wajen laluben kile ko wayar intanet kafin ta waiwayi faifan da Windows yake ciki. A duba kuma ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3: in uwar allon ta hannu ce, yana yiwuwa ya mutu, na'urar ta riƙa mance kwanan wata da duk abin da aka tsara mata.

Nawa ta biyu ta fi sauƙin ganewa. Galibi an sa tsohon faifai mai juyawa ne cikin sabuwar na'ura domin tsimi. Faifan SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, yakan tayar da Windows cikin ƴan daƙiƙoƙi, tsohon kuwa sai an yi ta jira. Sai kuma tarin manhajojin da kowannensu yake so ya tashi tare da na'ura. A kashe waɗanda ba a bukata.

Maganar mutuwa a tsakiyar aiki ita ce ta fi nauyi, kuma a ƙasar Adar wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne kuran. Wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogara da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa tun 1994. An ƙara mata tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018. Kowa yana tune da watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin da wuta take nan, ba kullum take cika bolt 220 da na'ura ke bukata ba, musamman a garuruwan da ke can ƙarshen layi, da yamma, sa'ad da kowane gida ya kunna fanka da firji. Kwan fitila yakan dushe ya dawo, ba wanda ya damu. Kwamfuta ba ta da wannan haƙuri: ƙiftawar ido guda ta isa ta kashe ta, aikin da ba a ajiye ba ya tafi. Inda ake aiki da gurup ko da batiran hasken rana, lokacin sauyawa daga wannan wuta zuwa waccan shi ne mafi haɗari. Saboda haka ondiler, akwatin batir da ke riƙe na'ura na ƴan mintoci in wuta ta ɗauke, ba kayan ado ba ne. Abin mamaki, biron da ya iya biyan kuɗin kwamfuta shi ne zai ce kuɗin ondiler sun yi yawa.

Cikin na'urar kanta akwai akwatin da ke karɓar kuran ya rarraba wa sauran kaya, kuma a nan ne masu haɗawa suka fi yin arha. Akwati maras nauyi, wanda aka rubuta masa wat 500 alhali ba ya iya ba da su, zai riƙe na'ura muddin rubutu kawai ake yi, amma da an ɗora mata aiki mai nauyi sai ta faɗi. A tabbatar kuma manyan wayoyinsa biyu, mai baki 24 da mai baki 8, sun shiga uwar allo har sun kama.

Bayan kuran sai zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, in ta kusanci digiri 100 takan rage saurinta da kanta, in abin ya ƙi ta kashe na'urar don kada ta ƙone. Alamar wannan ciwo ita ce na'ura ta yi lafiya da safe, ta fara rikici da azahar. Sau da yawa laifin na ranar haɗawa ne: an manta ba a ɓare ƴar ledar da ke ƙarƙashin ƙarfen sanyaya furosesa ba, ko ba a shafa man da ke tsakaninsu ba, ko an ɗaura kusoshi uku an bar na huɗu sako-sako. Ƙura kuwa aikinta a hankali take yi. Layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975, da ayyukan farfaɗo da ƙasa na furojen Kaita tun 1984, sun rage wa gonaki ɓarnar iska, amma ba su hana ƙurar hunturu shiga ta taga ba. Na'urar da aka ajiye a ƙasa tana shaƙar ta yini guda, har fankokinta su toshe. A ɗora ta bisa tebur, a bar mata sarari ta baya, a hure ta da abin hura iska bayan an zare waya. Rufe ta da zane yana da kyau in tana kashe. In tana aiki, shaƙe ta ne.

In an wanke kuran da zafi daga zargi, sai a koma kan sandunan RAM, ma'ajiyar aikin da aka ambata a baya, waɗanda masu gyara ke kira baret. Sandar da ba ta zauna daram ba, ko sanduna biyu da ba iri ɗaya ba, sukan jawo shuɗin allon nan da Windows ke nunawa kafin ta mutu. A cire duka, a mayar da guda, a yi aiki da ita, sa'an nan a gwada ɗayar. Akwai manhaja mai suna MemTest86 da ake sawa a kile, a bar ta ta kwana tana gwaji. Kuskure ko guda ɗaya ta nuna, akwai matsala. In mai haɗawa ya kunna tsarin ƙarin sauri da ake kira XMP ko EXPO, a kashe shi tukuna a gani. Ka'idar wannan bincike guda ce, kuma ita ce aka fi karyawa: abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, a rubuta abin da ya faru. Wanda ya sauya RAM da akwatin wuta da Windows a yini ɗaya, ko na'urar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma ya biya kuɗin abu uku.

Wani lokaci dai laifin na kamfani ne. A watan Yuli na 2024 kamfanin Intel na Amurka ya amsa cewa wasu furosesa nasa na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu, abin da ke sa na'ura rikicewa. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan wa'adin garantinsu. Wanda yake da irinsu sai ya sa a sabunta masa, amma kada a soma wannan aiki sai da ondiler, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyarsa uwar allon tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Garanti kuwa takarda yake bi, saboda haka duk biron da zai ba da haɗin kwamfuta ya nemi rasit na kowane abu da lambarsa, ya kuma bar na'urar ta yi kwana biyu ko uku tana aiki a ɗakin da za ta zauna kafin a biya mai haɗawa cikon kuɗinsa.