Katin Sauti: Hajar Da Kasuwarta Ta Ja Baya

Duk ɗan kasuwar da ke shirin buɗe gidan wasannin kwamfuta, ko mai sarin kayan kwamfuta a kasuwar Ikeja ta Legas, yana bukatar yin lissafi kafin ya zuba jari a katin sauti, wato ƙaramin allon da ake sakawa cikin kwamfuta domin ta fitar da amo.

A da, wannan haja ba ta kwantai. Kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fito da Sound Blaster a 1989, ya mamaye kasuwa har abokin hamayyarsa AdLib na Kanada ya karye a 1992. Shi kuwa kamfanin Aureal, wanda fasaharsa ta A3D ke sa mai wasa jin takun abokin gaba ta bayansa, ya yi nasara kan Creative a kotu, amma kuɗin shari'a suka durƙusar da shi a 2000, Creative ɗin ya saye kadarorinsa.

Sai dai al'amura sun sauya. A 2004 kamfanin Intel ya fito da tsarin High Definition Audio, wanda ya bai wa babban allon kwamfuta damar sarrafa sauti mai kewayewa na 7.1 ba tare da ƙarin kati ba. Bugu da ƙari, Windows Vista ta 2007 ta ɗauke aikin lissafin sautin wasanni daga katin, ta mayar wa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Daga nan babbar hujjar sayensa ta faɗi.

Saboda haka tambayar farko ita ce: ina sautin zai fita? Idan lasifikokin 5.1 ne ta hanyar amfilifaya, wayar HDMI kaɗai ta wadatar. Idan na kunne ne, akwai Windows Sonic kyauta tun 2017. Kuɗin katin sun fi amfani idan aka ƙara su a lasifika mai kyau, domin kati ba ya gyara mai araha.

Har yanzu akwai masu saye: wanda kwamfutarsa ke fitar da tsuwa, da mai lasifikar kunne mai bukatar ƙarfi. Su ma an fi ba su shawarar na waje mai shiga ta USB, saboda yana nesa da hayaniyar lantarkin cikin akwati, kuma yana aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ba ta da gurbin kati.