Kazar Da Ta Dawo Daga Kasuwa Kada Ta Kwana Cikin 'Yan Uwanta

Duk shekara da hunturu ya kama, labari ɗaya muke ji daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela: mace ta tashi da asuba ta janye dutsen bakin akurki, ta tarar da kajinta sun yi lakwas, wasu wuya a murɗe, wasu suna zawo kore. Kafin mako ya zagayo gida ya yi wayam. Sai a ce iska ce, ko a ce baki ne. Mu ma an taɓa yi mana wannan shara a gida, kuma da muka bi diddigi sai muka gano daga zakara guda da aka sayo ranar kasuwa abin ya faro.

Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwo Niyukasal. In ya kama ba shi da magani, sai dai rigakafi tun kaji na da lafiya, ko allura ko ɗigo a ido. Ta majina da kashi yake bi daga kaza zuwa kaza, kuma kwandon da aka ɗauko su da takalmin mai shiga duk suna iya kai shi gida.

To, a nan ne maganar ta shafe ku, 'yan kasuwa. Kazar da aka kai kasuwar Ƙonni ba a saya ba ta yini cikin kajin garuruwa da yawa, har da na ƙetaren iyaka. Da maraice a dawo da ita a jefa cikin na gida. Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a arewacin Nijeriya, watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a Magarya. Ciwon kaji ba ya tsayawa a duwan.

Shi ya sa muke cewa mai kaji akurki biyu ya kamata ta gina. Babba na 'yan gida, ƙarami can nesa da shi na baƙuwa da wadda ta dawo daga kasuwa. Ta yi mako biyu a nan, da kaskon ruwanta da na dusarta daban. In ta fito garau, sai a haɗa.

Shi kuwa babban, akurkin laka da muka gada bai da laifi wajen tsare muzuru da gafiya. Aibinsa ƙaramar ƙofa da rashin iska. Hannu da kyar yake shiga, balle tsintsiya, sai kashi ya yi ta taruwa, ƙwari su ɓuya cikin tsagar bango suna shan jinin kaji da dare. Kaza mai kwanci har tashi take daga kan ƙwai saboda cizo, tun kwana 21 ba su cika ba. A gina shi a kan tudu don ruwan damina, ƙofa ta ba gabas baya tunda daga can hadari da iskar hunturu suka fi zuwa. A yi ta da faɗi, a bar tagogi biyu ko uku a sama a rufe su da ragar waya. A shafe bango sumul. Wanda ya samu ragowar siminti ya dafe ƙasan, in babu daɓe ma ya isa. Rufin kara ko ciyawa ya fi kwano sanyi a watan Afrilu, kwano kam sai in an ɗora masa zana. A gitta itace ciki don su hau su kwana.

Shara kowane mako, a barbaɗa tokar murhu a ƙasa da cikin gurbin ƙwai. Kashin kuma kada a zubar a bola, masu lambun albasa na Galmi sun san darajarsa. Kazar da ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefar bayan gida karnuka su ja ta unguwa-unguwa.

Batun rigakafi, ma'aikatan kiwo na kowace gunduma ne za a nema tun bayan girbi. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an buɗe ta ba ta jira, don haka matan unguwa ko 'yan adashi ɗaya su sa rana su tara kajinsu a kira malamin sau guda.