Zaren Gilashi: Mahaɗansa da Hanyoyin Gano Dalilin Jinkirin Intanet

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, intanet ya shiga sahun kayan aikin makaranta. Malamin da aka tura Gurbin Bore ko Zurmi ko Shinkafi zai tarar da cewa rajistar ɗalibai da duba sakamakonsu sun rataya ne a kan ƙarfin sabis, ga shi kuwa ranar rufe rajista ba ta jiran kowa. Wannan babi zai yi bayanin zaren gilashi, wato faiba, da mahaɗansa, da matakan gano inda jinkiri ya samo asali.

2.0 Ma'anar Zaren Gilashi

Zaren gilashi siririn zare ne na tataccen gilashi wanda ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske, saɓanin wayar tagulla mai amfani da lantarki. Kaurinsa maikuron 125 ne, wato kusan na silin gashi, domin maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A shekarar 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa idan aka tsarkake gilashi zai kai haske nesa, sannan kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970.

Zaren iri biyu ne. Akwai mai hanya ɗaya, wanda cibiyarsa kimanin maikuron 9 ce, shi ake shimfiɗawa tsakanin garuruwa. Akwai kuma mai hanyoyi da yawa, mai cibiyar maikuron 50 ko 62.5, wanda ake amfani da shi a cikin gini.

3.0 Tafiyar Saƙo

Wayar hannu a Gurbin Bore tana magana ne da ƙarfen sabis ta iska. Daga nan saƙo kan bi daga ƙarfe zuwa ƙarfe har ya shiga zaren da aka binne a gefen manyan hanyoyi, ya gangara Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1, waɗanda suka fara aiki a 2010, ke sada Nijeriya da sauran duniya. A duk tsawon wannan tafiya akwai wuraren haɗi masu yawa, kuma a kowane haɗi haske kan ɗan ragu.

4.0 Ire-iren Mahaɗai

Mahaɗi shi ne kan da ake ɗaura wa zare domin a soka shi a na'ura. Aikinsa shi ne daidaita cibiyoyi biyu su fuskanci juna ba tare da kaucewa ba. Fitattu guda huɗu ne:

i. SC: mai kusurwa huɗu, ana tura shi ya kama, a ja shi ya fita. Shi aka fi gani a na'urorin gida da na ofis.
ii. LC: bakinsa rabin na SC ne, yana da ɗan maƙali. Ya dace da inda zaruruwa suka yi yawa.
iii. ST: zagayayye, ana turawa a ɗan murɗa, kamar yadda ake saka ƙwan lantarki.
iv. FC: mai murɗi kamar noti, ya fi jure girgiza.

Launi ma yana da ma'ana. Bakin shuɗin mahaɗi a miƙe aka goge shi, na kore kuwa an karkata shi da digiri 8. Idan aka gama shuɗi da kore, bakunan ba za su zauna da juna ba, haske zai ɓace, kuma suna iya lalacewa.

5.0 Matakan Gano Matsala

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ƙa'idar bincike ita ce a fara daga kusa, sannan a tafi nesa.

Mataki na farko shi ne fahimtar awo. Kamfanoni na sayar da gudu da megabit, kwamfuta kuwa takan nuna megabait, kuma bit takwas ke yin bait ɗaya. Saboda haka layin megabit 20 ba zai sauke fiye da megabait 2.5 a daƙiƙa ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Na biyu, a jona kwamfuta ɗaya da waya kai tsaye a auna. Idan gudu ya dawo, matsalar ta Wi-Fi ce, ko dai kaurin bango ko yawan masu amfani. Wayar jonawar ma abin dubawa ce: silaye takwas ne a cikinta, idan ɗaya ya tsinke gudu na iya faɗowa daga megabit 1,000 zuwa 100.

Na uku, a duba mahaɗi. Ƙwayar ƙura ɗaya na iya tare cibiyar da ba ta wuce maikuron 9 ba, abin da ya sa lokacin hunturu ke buƙatar kulawa ta musamman a arewacin Zamfara. Ba a taɓa bakin mahaɗi da yatsa, ba a hura masa iskar baki, kuma ba a barin sa ba murfi. Haka nan ba a lanƙwasa zare sosai ko a danne shi da ƙofa. Babban gargaɗi shi ne kada a leƙa cikin zare, domin haskensa ba ya ganuwa amma yana iya illata ido.

Na huɗu, idan jar fitila mai alamar LOS ta kama, haske ba ya isowa ke nan. Sau da yawa aikin hanya ko haƙar magudanar ruwa ne ya yanke zaren, sai a sanar da kamfani.

Wani lokaci dalilin ya fi ƙarfin makaranta, kamar katsewar wayoyin teku huɗu a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris, 2024, ko rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gudun intanet ba ya wuce ƙarfin wurin da ya fi rauni a kan hanyarsa. Malamin da ya san matakan nan zai bambance abin da zai gyara da hannunsa da abin da sai an kira ma'aikaci, ya tsare kuɗin makaranta da lokacin ɗalibansa.

Auna Fahimta

1. A bayyana bambancin zare mai hanya ɗaya da mai hanyoyi da yawa.
2. Me ya sa ba a gama shuɗin mahaɗi da kore?
3. Megabait nawa layin megabit 40 zai sauke a daƙiƙa?