ROSWELL GARST: MANOMIN DA YA KAI WA ABOKIN GABA IRI

Ga tarihin wani mutumin Amurka wanda gwamnati ba ta taɓa naɗa shi jakada ba, amma ya yi aikin da jakadu da yawa suka kasa. Sunansa Roswell Garst, an haife shi a shekarar 1898 a garin Coon Rapids na jihar Ayowa, ƙasar noman masara.

A farkon shekarun 1930, shi da abokinsa Charles Thomas suka kafa kamfanin sayar da ingantaccen irin masara, wanda malaman gona ke kira mai aure. Lokacin kuwa talauci ya yi wa Amurka katutu, manoma ba su da kuɗin sayen iri, ba su kuma yarda da shi ba. Sai Garst ya fito da dabara. Yakan ba manomi iri ya shuka kusa da nasa na gado. In kaka ta yi a auna, abin da sabon irin ya ƙaru da shi a raba biyu. Gani ya kori ji, ba da daɗewa ba manoma suka rungumi irin. Ya kuma yi ta koya musu amfani da takin zamani da ciyar da shanu da niƙaƙƙiyar totuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka shiga yaƙin cacar baka, kowa na tara makaman ƙare dangi. Amma Sobiyet tana fama da ƙarancin abincin dabbobi da nama. A 1955 wata tawagar aikin gona ta Sobiyet ta zo Ayowa, Garst ya jawo shugabanta zuwa gonarsa. A wannan shekarar aka gayyace shi can, har ya gana da shugaba Nikita Kurushef a Kirimiya, ya sayar musu da iri kimanin tan 5,000.

A gida wasu suka zarge shi da ƙarfafa maƙiyi. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne, maƙwabci mai yunwa ya fi mai ƙoshi hatsari, balle wanda ke riƙe da bam. Bai ɓoye cewa ɗan kasuwa ne mai neman riba ba, bai kuma yarda da kwaminisanci ba, ya dai ƙi yarda a mai da yunwa makami.

Ranar 23 ga Satumba, 1959, Kurushef da kansa ya taka gonar Garst a ziyarar da ya kai Amurka. 'Yan jarida suka yi cincirindo har suka tare hanya, Garst ya fusata ya riƙa jifansu da yankakken karan masara, baƙon nasa yana ta dariya. Duniya ta ga shugaban kwaminis da ɗan jari-hujja suna duba zangarniya tare.

Sai dai ƙarshen labarin da saura. Kurushef ya matsa a shuka masara har a yankunan da sanyi ko fari ba sa barinta ta nuna, ba isasshen taki, ba kayan aiki. Amfanin ya gaza, wannan yana cikin abubuwan da aka riƙe a kansa da aka tuɓe shi a 1964. Iri mai kyau ne, amma gonar da ba ta dace ba ta ɓata shi.

Garst ya rasu a 1977. Bai kawo ƙarshen gabar ƙasashen biyu ba, amma ya nuna ana iya zama da abokin gaba a yi maganar abinci. Mu da muke da maƙwabtan da muka daina gaisawa da su, sai mu duba abin da ke cikin rumbunmu. Allah ya ba mu zuciyar miƙa hannu. Amin.