5W-30 ko 20W-50? Yadda za ka zaɓi kaurin baƙin mai ga tsohuwar motar gudu

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji yin juye ya san yadda ake yi. Bakanike zai dubi motar sama da ƙasa, ya tambayi shekararta, sai ya ce, "Oga, wannan ai ta kwana biyu, 20W-50 za a zuba mata." Ba a buɗe littafi ba, ba a auna komai ba. Tsofaffin Peugeot 504 da motocin haya da yawa sun yi shekaru a kan wannan shawara ba su ce uffan ba, shi ya sa ta zama kamar doka.

Amma idan abin da ka tara kuɗi ka saya tsohuwar motar gudu ce, irin su BMW M3, Honda S2000 ko Mazda MX-5, ka yi hattara. Injin irin waɗannan motoci yana juyawa da saurin da na motar haya ba ya kaiwa, kuma idan ya buga, kuɗin gyaransa kan ci kaso mai tsoka na kuɗin motar. Tsufan mota kaɗai ba dalili ba ne na ɗura mata mai mai kauri. Tsarin injin ne ke faɗin abin da ya dace da shi, kuma a wannan maƙala za mu ga yadda ake gane hakan.

Me ya sa kauri ke da muhimmanci?

A cikin inji, ƙarfen karanshaf yana juyawa ne a cikin mital, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Aikin baƙin mai shi ne ya cika wannan 'yar tazara, ya hana ƙarfe gogar ƙarfe. Yana kuma kwashe zafi daga fistin da mital, ya wanke datti ya kai shi filta.

Matsalar ita ce zafi na sauya kaurin mai. Ka tuna manja da safiyar hunturu, yadda yake daskarewa a kwalba, da yadda yake tsinkewa kamar ruwa da zarar ya ji wuta a kasko. Haka baƙin mai yake. Idan ya yi kauri da yawa, ba zai isa lungunan inji da wuri ba. Idan ya tsinke da yawa, ba zai iya raba ƙarafan ba.

Abin da lambobin jikin galan ke nufi

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka ce ta tsara waɗannan lambobi a ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira J300. Kowane mai irin 10W-40 yana ɗauke da bayani biyu.

Lambar farko mai harafin W tana maganar sanyi ne. Harafin ya fito daga kalmar hunturu a Turanci. Ana gwada mai 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a digiri 25 ƙasa da sifili, 15W a 20, shi kuma 20W a 15 ƙasa da sifili, domin a ga ko inji zai iya tashi da shi. Ƙanƙantar lambar na nufin man ya fi saurin gudana idan inji ya huce.

Lamba ta biyu tana nuna kaurin man a digiri 100 na ma'aunin Selshiyos, wato kusan zafin da yake aiki a cikin inji. Ana auna shi da ma'aunin sentistok, wanda ruwan sha ke da kusan 1 a kansa:

• Lamba 30: daga 9.3 zuwa ƙasa da 12.5
• Lamba 40: daga 12.5 zuwa ƙasa da 16.3
• Lamba 50: daga 16.3 zuwa ƙasa da 21.9
• Lamba 60: daga 21.9 zuwa ƙasa da 26.1

Ke nan 5W-40 da 15W-40 kaurinsu ɗaya ne idan inji ya ɗau zafi. Bambancinsu yana lokacin tayar da mota ne. Haka kuma 20W-50 ya kusa ninka 5W-30 kauri a cikin inji mai zafi, a sanyi kuwa ya fi ninki biyu. Ba ƙaramin sauyi ba ne.

Jiki ɗaya, inji biyu, mai biyu

Mu ɗauki BMW E46, wadda ake yawan gani a titunanmu. Samfurin 330Ci yana da inji M54 mai lita 3.0, wanda ke tsayawa a wajen juyi 6,500 a minti. BMW ta tsara masa mai irin 5W-30 ko 5W-40 mai ɗauke da amincewarta ta Longlife-01, kuma yana shan lita 6.5.

Ita kuwa M3, da aka ƙera daga 2000 zuwa 2006, daga nesa kamar 330Ci take, amma injinta S54 ne mai lita 3.2, yana kaiwa juyi 8,000 a minti. Man da BMW ta ware masa shi ne 10W-60, kimanin lita 5.5. A irin wannan juyi, nauyin da ke kan mital da zafin da man ke ɗauka sun fi na 330Ci nesa ba kusa ba. Motocin shekarunsu ɗaya, amma wanda ya musanya musu mai ya cuci duka biyun.

Kada kuma ka ɗauka duk inji mai saurin juyi mai kauri yake so. Honda S2000 da ta fito a 1999 tana kaiwa juyi 9,000 a minti, amma 10W-30 Honda ta rubuta mata. Mazda MX-5 ta farko, ta 1989, ita ma 10W-30 ce. A ɗaya ɓangaren, tsofaffin Porsche 911 da iska ke sanyaya injinsu, waɗanda aka daina ƙerawa a 1998, mai kauri suke so, domin ba su da lagireto na ruwa, man ne ke ɗaukar kaso babba na zafin. Kamfanin Porsche da kansa yana sayar da 20W-50 ga masu inji har zuwa lita 2.7, da 10W-60 ga masu lita 3.0 zuwa sama.

Darasin a fili yake: girman tazarar mital, ƙarfin famfon mai da yadda ake sanyaya inji su ne ke yanke hukunci, kuma wanda ya ƙera injin ya fi kowa saninsu.

Illar wuce gona da iri

Idan man ya fi ƙarfin injin, da safe zai ɗauki lokaci kafin ya hau saman inji inda kamshaf yake, kuma a waɗannan daƙiƙoƙi ne ƙarafa suka fi cin juna. Na'urorin da ke aiki da matsin mai, kamar VANOS na BMW da VTEC na Honda, suna iya yin nawa. Mota za ta ƙara shan fetur, kuma man da kansa zai ƙara zafi saboda wahalar ratsa ƙananan hanyoyi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne mai kauri yana ɗaga allurar matsi, sai a ga kamar an gyara. Matsi ya hau ne domin man na shan wahalar wucewa, ba domin ya fi isa inda ake bukata ba.

Idan kuma man ya yi ruwa da yawa, a lokacin da ka taka mota a doguwar hanya da rana tsaka, shimfiɗar man da ke kan mital za ta yi siriri har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Daga nan sai ƙara, daga ƙara sai bugawa.

To zafin Arewa fa?

Nan ne maganar kanikawa ke da ƙamshin gaskiya. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, ga cunkoso, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Littattafan tsofaffin motoci da yawa suna da jadawali da ke nuna man da ya dace da kowane yanayi, kuma ga ƙasa mai zafi sukan yarda a hau mataki ɗaya. Idan littafin motarka ya ba da zaɓi tsakanin 5W-30 da 5W-40, a nan yankin 5W-40 ya fi kwanciyar hankali.

Amma ka lura da abu biyu. Na farko, a injin da ruwa ke sanyayawa, tamostat da lagireto ne ke riƙe zafin a wajen digiri 90, ko a Kano kake ko a Jamus. Bambancin zafin mai tsakanin wuraren biyu bai kai yadda ake zato ba, muddin lagireto da fanka lafiyarsu ƙalau. Na biyu, al'adar cire tamostat da sunan hana inji zafi tana da illa. Injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da hunturu, fetur da raɓa su taru a cikin mai su lalata shi.

Lambar W kuwa ba ta cika damunmu ba, tunda ko a Jos sanyi ba ya kusantar wanda ake gwaji da shi. Duk da haka 5W ko 10W ya fi 20W saurin zagaye inji da asuba.

Yaushe ya dace a ƙara kauri?

Inji da ya ci dubban ɗaruruwan kilomita tazarar mital ɗinsa na iya faɗaɗa. Amma ba a gane hakan da ido. Ka sa bakanike ya kwance suwicin matsin mai, ya ɗaura gejin gwaji a wurin, a auna bayan inji ya ɗau zafi sosai, a silo da kuma a juyi 3,000, sannan a kwatanta da adadin da littafin gyaran motar ya bayar. Kada ka dogara da jar fitilar dashbod, domin a yawancin motoci ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin ba, lokacin da ɓarna ta riga ta fara.

Idan matsin yana daidai, ka tsaya kan man da aka rubuta. Idan ya ɗan yi ƙasa, ka hau mataki ɗaya kawai, daga 30 zuwa 40, ko daga 40 zuwa 50. Idan ya faɗi sosai, mital ko famfon mai ne ke neman canji, kuma mai kauri ɓoye ciwon kawai zai yi.

Haka ma shuɗin hayaƙi a salansa. Sau da yawa ringi ne ko robobin bawul. A injin M54, bawul ɗin da ke fitar da tururin mai daga cikin inji sananne ne wajen lalacewa, kuma idan ya mutu mota kan sha mai kamar ta gama yawo, alhali canza shi ya fi sauke inji araha.

Ka juya galan ka karanta bayansa

Ba duk 5W-30 ne ɗaya ba. Akwai gwaji na uku da ake yi a digiri 150, a ƙarƙashin matsi irin na cikin mital, ana kiransa HTHS. Mai lamba 30 yana cin jarrabawar SAE da 2.9, amma ƙa'idar Turai ta ACEA A3/B4 da Longlife-01 na BMW suna neman aƙalla 3.5. Saboda haka 5W-30 da aka yi domin tsimin fetur a ƙaramar mota ya fi wanda aka yi wa BMW tsinkewa, duk da lambarsu ɗaya. Ka nemi waɗannan haruffa a bayan galan.

Sai kuma matakin API: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Sabon mataki yakan maye gurbin tsoho a injin fetur. Sai dai tun daga SM an rage sinadarin ZDDP mai ɗauke da zinki da fosfaras a mai mai lamba 20 da 30, domin kare matatar hayaƙin salansa. Motocin shekarun 1960 zuwa 1980, waɗanda kamshaf ɗinsu ke gogar ƙarfe kai tsaye, sun fi bukatar wannan sinadari, shi ya sa ake yi musu mai na musamman. Motocin 2000 zuwa sama ba su cika shiga wannan matsala ba.

Game da sintetik, ya fi minaral jure zafi, kuma bai cika fasa roba mai lafiya ba. Abin da kan faru shi ne yana wanke daskararren dattin da ya toshe tsohuwar ɓaraka, sai yoyo ya bayyana. Robar ce ta riga ta mutu.

Wayarka na da rawar takawa

• Ka nemi littafin motarka a intanet da sunanta da shekararta, ka sauke shi a PDF. Shafin mai yana wajen ƙarshe.
• Ka tabbatar da lambar injin, ba sunan mota kawai ba. Motoci 'yan Kwatano da yawa an sauya musu inji kafin su iso hannunka.
• Motocin kasuwar Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 suna da soket na OBD2. Da 'yar na'urar ELM327 ta Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner za ka ga ainihin zafin ruwan inji, a wasu motocin har da zafin mai.
• Ka ɗauki hoton gejin mai da na kilomita duk mako biyu. Bayan wata biyu za ka san ko nawa motarka ke sha.

Kafin ka biya kuɗin juye na gaba

Ka sayi mai a rufaffen galan daga dila da ka yarda da shi, ka guji na awo da ake ɗurawa a gorar ruwa a bakin titi, domin lambar da ke jikin jabun mai ba ta nufin komai. Saboda ƙura da zafi da cunkoso, kada ka bi dogon zangon da aka tsara wa Turai. Kilomita 5,000 ga minaral, 7,000 zuwa 8,000 ga sintetik, tare da sabuwar filta, ya fi dacewa da hanyoyinmu. Kuma kowane mai ka zuba, kada ka taka mota da ƙarfi sai ya ɗau zafi. M3 ma tana da fitilu a jikin agogon juyi da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da man ke ɗumama, domin ta tuna maka hakan.

Idan bakanike ya sake cewa motarka ta kwana biyu, ka buɗe masa shafin littafin a wayarka, ka roƙe shi ya ɗaura gejin matsi tukuna. Abin da gejin ya nuna, shi za ku bi.