Yadda kare da jaki suka koma ashar a Turanci

Ba kasafai zaki ko damisa ke shiga bakin mai zagi da Turanci ba. Idan ran Bature ya ɓaci, dabbobin tsakar gida da na garke yake jawowa: kare, alade, saniya, jaki, zakara. Masanin al'adu Edmund Leach na Jami'ar Kambrij ya yi nazarin wannan a wata maƙala ta 1964. A ganinsa, dabbar da ke kwana a gindin mutum, tana cin sauran abincinsa, tana barbara a gaban idonsa, ita ta fi tayar da ƙyama, domin ba ta kai ɗan gida ba, kuma ba ta daji ba ce. Hujjarsa na da ƙarfi, ko da yake ba ta rufe ko'ina ba, tun da maciji na daji ne amma da sunansa suke kiran munafuki.

Abin mamaki shi ne yadda batsa ta riƙa ƙwace wa dabbobin sunayensu. Tsohon sunan jaki "ass" ne. Da furucinsa ya haɗu da na kalmar ɗuwawu, musamman a Amurka, sai masu kunya suka koma ga "donkey", wadda Francis Grose ya shigar cikin ƙamusunsa na maganganun 'yan tasha a 1785. Zakara ma haka. Sunansa "cock" ya zama sunan gaban namiji, don haka tun ƙarshen ƙarni na 18 Amurkawa suka fi son "rooster". Kunyar ta bi mutane har cikin sunan gidansu: dangin marubuciya Louisa May Alcott asali Alcock ne, suka koma Alcox, mahaifinta ya mayar da shi Alcott. Zomo kuwa ya rasa tsohon sunansa "coney" saboda ya yi kama da sunan al'aurar mace.

Wannan asarar kalmomi ce kawai, kuma harshe na iya jure ta. Wadda ta fi ciwo ita ce wadda ta faɗa kan mutane, kuma mata ne suka fi ɗaukar nauyin. "Bitch" karya ce, macen kare, amma tun wajen ƙarni na 15 ake jifan mata da ita (mu ma Hausawa mun san zafin a kira mace karya). Saniya, kaza, kyanwa, duk sun zama sunan raini ga mace. A 1975 masaniyar harshe Muriel Schulz ta nuna yadda kalmomin da suka shafi mata ke zamewa zuwa batsa, na maza kuwa su tsira da mutuncinsu. Namijin da aka kira ingarma yabo ya ji.

Wani lokaci talaka ne ke amfani da makamin zagi da sunan dabba, kamar yadda 'yan ƙungiyar baƙaƙen fatar Amurka ta Black Panther suka yayata kiran 'yan sanda aladu a shekarun 1960. Sai dai mafi yawan lokaci daga sama yake saukowa. Kiran baƙar fata biri ya samo tushe daga zamanin bauta da mulkin mallaka, lokacin da ake neman hujjar cewa wasu ba cikakkun mutane ba ne. Shi ya sa a 1988 aka jefi ɗan ƙwallo baƙar fata John Barnes na Liverpool da ayaba a filin Everton, kuma har yau hukumomin ƙwallon Ingila na hukunta 'yan kallo masu kwaikwayon kukan biri.